Zamiyar Gabas

Gidaɗo mutumin Damaga ne, kuma a bakinsa babu dama babu hagu. Ko cokali ka tambaye shi, sai ya ce yana arewa da kwano. Da ya zo Talata Mafara koyon gyaran babur ya faɗa gidan gem ɗin Yasir, da wannan kan nasa ya koyi wasan faɗa.

Akwai wata dabara da suke kira zamiya. Ɗan wasanka zai duƙa ya sulale ƙarƙashin naushi, ya miƙe a jikin abokin faɗa kafin ya ankara. A hannun gem ana danna gaba, wato dama, a saki, a danna ƙasa, a murza gaba da sauri. Talabijin ɗin Yasir a bangon arewa take, saboda haka Gidaɗo ya haddace abinsa: gabas, saki, kudu, gabas. Ya sha wuya, har babban yatsansa ya yi kanta, amma ya iya ta fiye da kowa a shagon.

Da aka ce za a yi gasa a Gusau, kuma mutum ɗaya za a ɗauka tsakanin Mafara da Bakura, Yasir bai yi shawara da kowa ba ya ce Gidaɗo ne nasu. Suka hau babur bayan la'asar suka tafi wani gidan gem a Bakura a fitar da gwani.

Aka gaisa, aka tambayi gida da gajiyar hanya, aka miƙa masa hannun gem. Abokin karawarsa wani dogo ne, Muttaka. Ana farawa Gidaɗo ya danna zamiyarsa, sai ɗan wasansa ya ja da baya ya yi wani tsalle na banza, Muttaka ya zabga masa ƙafa. Ya sake, ya kuma ja da baya. Aka cinye shi zagayen farko ko taɓa Muttaka bai yi ba.

"Kai, Gidaɗo, mi kakai haka?" in ji Yasir. "Gaba za ka, ba baya ba!"

"Gabas ɗin nika dannawa, wallahi! Abin ga ya lalace."

Aka canja masa wani, duk ɗaya. Ya kalli yatsansa, ya kalli talabijin, ya rasa wanda zai zarga. Tsoro ya kama shi sosai, har ya fara tunanin ko sammu aka yi masa.

Ana tsakiyar zagaye na biyu rana ta leƙo ta taga ta dama, ta haske masa kunci. Nan ya gane. Kudu yake kallo. Talabijin ɗin mutanen Bakura a bangon kudu take, gabas ta koma hagunsa.

Babu lokacin koya wa yatsa sabon karatu. Sai ya juya a kan benci ya ba talabijin baya, ya fuskanci arewa, ya danna: gabas, saki, kudu, gabas. Ya sake, ya kuma sakewa. Shago ya kaure da ihu, wani har da buga ƙofa. Can sai aka yi tsit.

"Yasir, zamiyar ta hita?" ya tambaya, bai juyo ba.

"Ta hita. Ban taɓa ganin mai kyawon ta ba."

"To wa yah hwaɗi?"

Yasir ya zare hannun gem ɗin daga yatsunsa a hankali, a bayansu kuwa 'yan Bakura sun fara tambayar Muttaka ranar tafiya Gusau.