Notarin Da Firmin Bai So

Tun ranar da likita ya ce Litinin za a yi wa Léontine aikin zuciya, ta kafe a kan magana ɗaya: ba za ta hau gadon asibiti ba sai ta bar wasiyya. Akwai makiyayar da ta gada daga mahaifinta a bayan coci, akwai agogon bango, akwai 'yan kunnen kakarta, tana so ta faɗi da bakinta inda kowanne zai je. Da hannunta lafiya yake, da ta rubuta abinta ta sa kwanan wata, shi ke nan. To hannun ya shekara biyu yana rawa, cokali ma da ƙyar. Wanda ba ya iya rubutu kuwa sai ya faɗa wa notari, wato jami'in da ke tabbatar da takardu, notari ya rubuta, ya karanta masa, ya buga hatimi.

Mijinta Firmin bai ƙi wasiyya ba. Notarin ne bai so.

Duk ƙauyukan tsaunin nan notari ɗaya ke bin tsofaffi har gida, Metur Delcros (Metur laƙabin notari ne a can), da farar motarsa da jakarsa ta fata. Shekara arba'in da takwas da suka wuce, a bikin sauko da shanu daga tsauni, Delcros ɗin nan ya yi rawa da Léontine sau uku a jere, alhali an riga an sa ranarta da Firmin. Firmin yana tsaye jikin bango yana kallo, takalminsa na warin garke. Ba wanda ya ƙara ta da maganar. Kowa ya manta, ban da shi.

"Kira Delcros ya zo gobe," in ji Léontine daren Juma'a tun ba a kwashe kwanonin miya ba. "In zauna a kujerata in faɗi abin da zan faɗa."

"Akwai ofishin notari a gari, gobe kuma kasuwa. Ran kasuwa ba sai da alkawari ba, kana zuwa kana shiga."

"Kai tsohon nan, ofishin da ke saman bene? Da wace zuciyar zan hau?"

"Zan riƙe ki."

"Kai da gwiwarka ke ƙara kamar ƙofar rumbu? To me Delcros ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini. Ba na son motarsa a ƙofata, mutane su ce an fara auna miki akwati."

Ƙarya yake yi, kuma ya san ƙarya yake yi. Abin da ke cinsa daban ne. In notari ya zo ɗaukar wasiyya, duk wanda zai iya samun wani abu a ciki fitar da shi ake yi. Wato shi Firmin za a kora daga ɗakin girkinsa, ya tsaya a tsakar gida tare da kaji, Delcros kuwa ya zauna a kujerarsa, ya sha kofi a kofinsa, ya ji abin da ke zuciyar matarsa wanda shi ba a yarda ya ji ba. Abin da ya ƙara ƙona masa rai, ya ga ta fito da shuɗiyar rigarta ta rataye, ta ɗauko kwalbar turaren da rabonta da ita tun auren 'yarsu.

"Turaren na waye?"

"Na shanu ne. Ci abincinka."

Da safe ya yi nasara, don ta gaji da musu. Ya ɗauke ta a mota suka gangara gari. Matakala ashirin da biyu ce, sun tsaya sau huɗu, a na ukun leɓɓanta suka canja launi har gabansa ya faɗi. Duk da haka bai ce su koma ba. Mutum ya kusa saba'in, ga furfura, amma ya ja matarsa mai ciwon zuciya saman bene saboda rawar da aka yi tun gashinsa na baƙi. Wannan ba hankali ba ne.

Notarin ofishin mace ce matashiya, Metur Vidalenc. Ta ba Léontine ruwa, ta saurare su, sannan ta duba bayansu.

"Ina shaidunku, Baba?"

"Wane shaidu? Ga ni."

"Kai mijinta ne, ba ka shiga. Ma'aikatana ma ba sa shiga. Wasiyyar baki sai da shaidu biyu, ko kuma notari biyu. Da a gida ne, da maƙwabta biyu sun wadatar."

Firmin ya leƙa taga. Kasuwa cike da mutanen ƙauyensu. "Bari in sauka in kawo biyu."

"Kul!" in ji Léontine. "Wasiyyata a kunnen masu sayar da cuku? Kafin a tashi kasuwa kowa ya san wa na ba agogo, wa na hana. Na fasa, gara in tafi asibiti haka."

"To saura notari na biyu," in ji Metur Vidalenc, "kuma dole ya zama ba na ofishin nan ba. Ɗaya ne a kusa, Metur Delcros. Ran Asabar yana gidan shan kofin da ke tsallaken titi, ba ya ɗaga waya. Ƙarfe sha biyu muke rufewa."

Saura minti arba'in. Firmin ya dubi matarsa. Tana numfashi sama-sama. Jibi za a buɗe mata ƙirji. Ya ɗauki hularsa ya sauka matakala ashirin da biyun nan, ya tsallaka titi, ya je da ƙafarsa ya roƙi mutumin da ya shekara arba'in da takwas yana kauce wa hanyarsa.

Delcros ya tsufa. Ga tumbi, ga abin ji a kunne, ga ɓurɓushin burodi a gaban riga. Ya hau benen yana haki fiye da Léontine. Da ya shiga, ta gyara zama, ta taɓa gashinta. Firmin ya gani, wani abu ya soke shi a ƙirji.

"Madam," in ji Delcros, "katin shaidarki. Sunan gidanku kafin aure?"

"Roussilhe. Na bayan coci."

"Roussilhe, Roussilhe… Akwai wani mai jajayen shanu."

"Mahaifina ne. Ai mun taɓa rawa da kai, a bikin sauko da shanu."

Delcros ya ɗago, ya dube ta da kyau ta saman tabarau, ya yi dariya. "Ayya Madam, ki yi mini afuwa. Lokacin nan ba yarinyar da ban ja rawa ba a tsaunin nan. Ranar haihuwa fa?"

Léontine ta sunkuyar da kai ta faɗi ranar. A hankali ta ja mayafinta ta rufe shuɗiyar rigar.

Aka ce Firmin ya fita. Ya zauna a benci a waje, ƙofa a rufe. Ya zaci zai ji sanyi a ransa, sai ya ji wuta ta fi ta da. Ba yarinyar da bai ja ba! Léontine ce za a jefa cikin taro kamar tunkiya a garke? Yarinyar da ranar nan duk filin ya tsaya kallonta, da jan ƙyalle a gashinta?

Da aka buɗe ƙofa, an karanta, an buga hatimi, Delcros ya miƙo masa hannu. Firmin bai karɓa ba.

"Sau uku ne," ya ce. "A jere. Jan ƙyalle ne a kanta. Mutum ya riƙa tuna abin da ya kamata."

Delcros ya taɓa abin kunnensa, ya dubi Metur Vidalenc, bai gane ba.

A kan matakala Léontine ta jingina da shi, suna sauka ɗaya-ɗaya.

"Shuɗi ne ƙyallen," ta ce.

"Ja ne."

"Tsohon banza. Ashe saboda wannan ka hau da ni bene?" Suka ƙara sauka uku. "Shi da ya riƙe ni ya manta, kai da ke jikin bango ka riƙe har yau."

"Me kika bar mini a takardar?"

"Ba a faɗa. Riƙe ni da kyau, gwiwarka na ƙara."