Abin da Na Rubuta a Gaban Sunan Phulmati

Shekarar da majalisar ƙauyenmu ta ga dama ta ƙirga mutanenta, ni aka ɗora wa aikin, don ni ne malamin makaranta, kuma ni kaɗai ke da jakar da ruwa ba ya ratsawa. Gida ɗari biyu da sha ɗaya. Tambayoyin ba wuya: ku nawa ne, wa ya iya karatu, wa ke aiki.

Maigida nake tambaya a bakin ƙofa, kamar yadda aka saba. In na zo kan matarsa sai ya ce ba ta aikin komai, tana gida. Ita kuwa ga ta can bayansa, gefen zanenta na sari a fuska, ɗauke da damin ciyawar ɓauna wanda ni da shi ba ma iya ɗagawa. Da yamma in kai labarin shagon shayi mu yi ta dariyar jahilci.

Bayanin gidana kuwa a zaune na cike shi, ina jiran gurasar roti. Shekara ashirin da biyu da aure, me zan tambaya?

Bayan damina aka ce za a buɗe gidan renon yara, ana neman mace mai karatu ta riƙe shi. Sakataren majalisa, Tiwari, ya tsamo sunaye huɗu daga littafina, su kaɗai aka kira. Matata Phulmati ta ƙwallafa rai a kan aikin, don tunda 'ya'yanmu suka tafi birni gidan ya yi mata faɗi. Tana zuba min miyar wake ta tambayi abin da ya hana a kira ta. Na yi mata bayani a hankali, irin wanda nake wa 'yan aji ɗaya, cewa aikin na masu karatu ne.

Ta goge hannu, ta ɗauko kwafin littafin daga jakata, ta buɗe, ta ɗora yatsa.

"Phulmati Devi. Shekara arba'in da ɗaya. Karatu, babu. Aiki, babu." Ta rufe, ta kira ni yadda ake kiran malami a ƙauyenmu. "Masta-ji, shekarun ma ka rage min biyu. Wannan kam na gode."

Ashe ta yi aji huɗu a ƙauyensu. Na tambaye ta dalilin da ya sa duk shekarun nan take miƙo min wasiƙun yayanta in karanta mata. Ta ce ta ga ina jin daɗin sa tabarau ne. Ta ƙara da cewa ta san layukan da nake tsallakewa, waɗanda yake kirana rago.

Washegari na je wurin Tiwari da niyyar gyara. Ya sa aka kawo shayi, ya ce takardun sun riga sun tafi gunduma da sa hannuna, amma in na rubuta cewa na yi kuskure, zai aika.

"Sai dai, Masta-ji, in malami bai san matarsa ta iya karatu ba, me za su ce game da sauran gidaje ɗari biyu da goma?"

Na daɗe ina kallon farar takardar da ya turo min. Na shanye shayin, wanda sukari ya yi wa yawa, na tashi.

A gida na ce mata an riga an rufe. Ta ce to.

Rajkali, matar mai keken ɗinki, aka ba aikin. Daga ranar da aka buɗe gidan renon Phulmati ta daina bin hanyar da ta wuce ta ƙofarsa. Yanzu ta bayan haikali take zagayawa zuwa gona, tafiyar da ta ninka.