Madubin Saman Ƙofar Injiniya

"Daga tsakiya zuwa gefe na ce maka. Ka ɗauka wandon wani kake cuɗawa?"

Mai wanki yana kan tsani da tsumma a hannu. Ya leƙo ƙasa ya dubi mai ba shi umarnin. Injiniya ne zaune a kujerar roba a ƙofar gidansa, an rufe masa gwiwoyi da bargo, ƙirjinsa na fito kamar buta a kan wuta. Mutumin da ko keken ɗinki bai taɓa kwancewa ba. Shekara talatin ya yi yana masinja a ofishin ruwa, yana ɗauke takarda daga wannan tebur zuwa wancan. 'Yan layi ne suka laƙa masa sunan don tsiya, shi kuwa ya karɓa hannu biyu, har yana gyara zama in an kira shi.

Madubin da yake gogewa bai fi faranti faɗi ba, an ɗaure shi da ƙarfe can saman ƙofa, dab da rufi. Wani irin madubi ne maras ladabi, ba ya nuna fuska. In mutum ya leƙa sai ya ga idonsa guda a juye, an raba shi gida-gida kamar saƙar zuma. Wata malama daga hukumar muhalli ce ta kafa shi. A ɗaya ƙarshen layin, kan rufin makaranta, ta ajiye akwati mai fitila, da faifan sola da ke ba shi wuta dare da rana. Fitilar kan harbo siririn haske ya ratsa saman layin, ya daki madubin, ya koma inda ya fito. Malamar ta ce kowane hayaƙi akwai launin da yake ci a jikin haske, akwatin kuwa aikinsa ya duba abin da ya dawo, ya ga wane launi aka cinye a hanya, ya rubuta. Bayan layin nan ne masana'antar narka tsofaffin batura take, da dogon bututunta.

Sharaɗin guda ne. Kwana casa'in a jere, sannan hukuma za ta karɓi takarda ta sa a rufe bututun. In hasken ya yanke ya wuce awa ashirin da huɗu, lissafi ya koma ɗaya. Ya ma taɓa komawa. A kwana na arba'in da ɗaya Injiniya ya ga madubin bai yi masa ƙyalli ba, ya lafta masa man shafawa na matarsa, ƙura ta manne, akwati ya makance kwana uku. Malamar ta zo ta wanke da kanta. Abin da ta faɗa kawai, akwatin aro ne, wani gari na jiransa, ba za a yi karo na uku ba.

Mai wanki ya daɗe yana dariyar abin. A ganinsa ba sai an tayar da fitila ba kafin a san layin nan na tari. Amma otal ya janye zannuwan gadonsa saboda baƙin ɗigo da ke sauka a kansu a igiyar shanya, masu fararen kaya sun koma wani wuri, saura masu wandunan aiki da ba su damu ba. In bututun nan ya ƙara shekara, sai ya kwance igiyoyinsa ya bar gidan da aka haife shi. Shi ya sa da ƙafafun Injiniya suka kumbura, matarsa ta leƙo ta katanga ta ce maƙwabci ko zai taimaka, ya hau tsanin yana tsaki.

"Ka ga ɗan hasken?" in ji Injiniya.

Mai wanki ya manna kunci a gefen madubin ya dubi makaranta. Ga shi can, ɗigo ɗaya shuɗi-shuɗi, kamar idon mage.

"Na gani."

"To in ka gan shi, shi ma ya gan ka. Kwana tamanin da biyar yau."

Daga nan Injiniya ya shiga bayanin da ya saba, wai hasken nan kan je ya dawo kafin mutum ya gama niyyar ƙyafta ido, wai da za a ɗora madubin a kan farin wata ma zai iya zuwa. Mai wanki ya sauko ya jingine tsani ya ce masa in ya gama da wata, ya taimaka ya sha maganinsa.

Washegari da hantsi Injiniya ya rasu, yana zaune a kujerar, kofin shayi a cinyarsa bai zube ba. Mai wanki yana guga ya ji muryar matar ta katanga, ba kuka ba, tana ta kiran sunansa na gaskiya, wanda layin ya manta da shi tuntuni. Ya ajiye dutsen guga ya fita.

Kafin azahar an kai shi an dawo. Babban ɗansa ya iso daga wurin aikinsa da baƙin tabarau da waya biyu, yana ba da umarni ga mutanen da suka goya shi. Shekara biyu bai tako layin ba. Yanzu shi ne ke rungume kowa yana cewa Baba ya tafi ya bar shi. Mutanen da suka yi wata huɗu suna tambayar Injiniya ko madubinsa ya haihu, su ne suka jeru a gindin katanga suna cewa ai mutum ne mai hangen nesa. Mai wanki ya dube su ɗaya bayan ɗaya, ya koma kan gugarsa.

Ƙarfe biyu mota ta tsaya. Wakilin masana'antar ne, mutum mai laushin murya da ƙamshin turare, ya zo ta'aziyya. Ya riƙe hannun ɗan da hannu biyu ya ce kamfani ba zai ga maƙwabtansa a rana ba. Ma'aikata huɗu suka sauke rumfar tamfol koriya, sabuwa fil, mai tsinin kai kamar hular sarauta ta wasan yara, suka kafa ta a ƙofar gidan. Tsininta ya wuce rufi. Aka jera kujeru ɗari da katon-katon na ruwan sanyi. Ɗan ya yi ta godiya har yana cire tabarau. Layi ya ɗauka, wai ashe mutanen nan suna da zuciya.

Da safe mai wanki ya farka da tsumma a ransa. Ya zagi kansa, ya ce mai madubi ya mutu, shi me ya dame shi. Duk da haka ya ɗauki tsani ya ratsa ta bayan kujeru ya hau. Ya goge daga tsakiya zuwa gefe, ya manna kunci ya dubi makaranta. Kore kawai ya gani, tamfol a gaban hancinsa.

Ya juya ya dubi bututun. Makonni ke nan yana fitar da hayaƙi siriri kamar mai jin kunya. Yau kuwa turnuƙewa yake, rawaya-rawaya, yana kwantowa kan rufin gidaje.

Ya sauko ya sami ɗan a gefe ya yi masa bayani. Ɗan ya saurara yana latsa waya. Ya ce kawu, a bar wannan maganar, abin nan ne ya mai da mahaifinsa abin dariya, kuma ba zai kwance rumfa a kan manyan mutane ba saboda wani faranti. Kwana uku ne kawai. Mai wanki ya kira lambar malamar da ke rubuce a jikin ƙarfen madubin, aka ce tana taro. Ya je wurin dattawan layin, suka ce a yi haƙuri, gidan rasuwa ne, kuma ai mutum ba ya mai da kyauta. Ɗaya ma yana magana yana tari, kwalbar ruwan kamfani a hannunsa.

Ya koma shagonsa ya goge riga uku, ya ƙona ta huɗu. Agogon bango ya nuna ɗaya saura kwata. Jiya ƙarfe biyu aka ɗaga rumfar. Saura awa guda da kwata lissafi ya koma ɗaya.

Ya ɗauki wuƙar da yake yanka sabulu da ita ya fita.

Rumfar ta cika. Wakilin ya dawo, yana zaune a sahun gaba kusa da ɗan, ƙafa ɗaya kan ɗaya. Mai wanki ya hau tsani, ya daidaita idonsa da madubin, ya soka wuƙa a tamfol ya zagaya. Ƙarar ta fito kamar an yage sabon yadi. Ya zare da'irar ya yar. Ya leƙa ta ramin, sai ya ga wani koren, ashe rumfa mai tsini fuska biyu gare ta, sai an huda ta can gaba ma.

Ya sauko, ya saɓa tsani a kafaɗa, ya ratsa tsakiyar masu zaman makoki yana cewa a gafarce shi, ƙafar tsanin na ture huluna. Ya jingine shi da ƙarfen rumfar ta gefen titi. Kafin ya taka, ɗan ya riƙe tsanin ya fizge.

"Kawu, ka haukace ne? Rumfar mutane ce."

"Na san ta wa ce."

Wakilin bai tashi ba. Ya yi murmushi ya ce a ƙyale dattijo, baƙin ciki ne, kowa da yadda yake ɗaukarsa, tamfol kuma ba komai ba ne, gobe a kawo wani. Yana faɗa ya saci kallon agogon hannunsa.

Labulen ƙofar gida ya motsa. Matar Injiniya ce. Ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta, ta ɗaga kai ta dubi ramin da ke saman kanta, ta daɗe tana kallo. Sannan ta dubi ɗanta.

"Riƙe masa tsanin."

"Mama, mutane fa."

"Ubanka ya hau shi sau ɗari ba mai riƙe masa. Riƙe."

Ya riƙe, wayoyinsa biyu a hammata. Mai wanki ya hau yana jin tsanin na rawa a hannun da bai saba aiki ba. Bai san daidai wurin ba, don haka ya yanka babba, ya ƙara, har sai da ya iya zura kai da kafaɗa. Ya sauko ya koma wurin madubin ya sake hawa. Ta cikin ramuka biyun, can kan rufin makaranta, ɗigon shuɗin yana nan. Ƙarfe ɗaya da minti ashirin, in agogon wakili gaskiya yake faɗa.

Ya sauko. Ya goge wuƙar a wandonsa. Wakilin ya miƙe ya yi sallama da ladabi, ya fita yana magana a waya ƙasa-ƙasa, kuma bai kai ga motarsa ba mutane suka fara cewa ai dama su tun jiya suka ga rumfar ta yi tsawo da yawa. Mai wanki ya ja tsaki ya nemi kujera a can baya ya zauna, karo na farko tun da aka yi rasuwar.

Rana ta faɗo ta babban ramin, ta zauna a ƙasa tsakiyar rumfar, fara tas, gefenta a karkace. Wanda ta sauka a kan ƙafarsa ya ja kujerarsa baya, na kusa da shi ma ya ja. Aka bar wurin fili. Wata tsohuwa da ta shigo gaisuwa ta zo daidai nan, ta tsaya, ta kewaye shi ta wuce ciki.