Naman Malam Aƙilu a Jikin Rago

Wani dare Ruwaida ta ji ƙara a bayan ɗaki, ƙwaram, ƙwaram, kamar ana jan kwano a kan siminti. Da ta leƙa, sai ga rago ya cusa kai cikin kunun gyaɗar da ta dama wa mijinta, shi kuma Malam Aƙilu yana tsugune yana riƙe masa kwanon.

Tun bara ciwon daji ya kama Malam Aƙilu. Maganin da ake ɗura masa ta jijiya ya kwashe gashinsa, komai ya sa a baki sai ya ji ɗanɗanon ƙusa. Likita ta ce akwai alamu a jininsa da ke nuna jikin yana cin kansa, kuma in ya ƙara ramewa za a dakatar da maganin, don ba zai iya ɗauka ba.

"Malam, wata nawa kana yi min wannan?"

"Ajiya nake yi," in ji shi. Ya tsufa yana kiwon raguna a Mayo Gwoi, kuma a saninsa nama ba ya ɓacewa, mazauni yake sauyawa. Ya matsa gindin wutsiyar ragon. "Taɓa nan ki ji. Duk ni ne."

Ranar awon nauyinsa ya sa aka loda ragon a keke har asibiti. Ya hau sikeli riƙe da igiya, ya ce a jawo masa sauransa.

"Baba, mutum ɗaya ake aunawa," in ji nas.

"Ai ɗaya ne, 'yata. Rabuwa muka yi."

"To shi ma a ɗebi jininsa?"

"Ɗebi mana! Nasa ya fi kyau."

Likita ta yi dariya har da share ido, sannan ta duba sakamakon jinin, dariyar ta ɗauke. Ta ce a ɗaga maganin tukuna, sai ya ɗan murmure.

Malam Aƙilu bai yi musu ba. Suna isa gida ya ce lokacin karɓar ajiya ya yi, a kira mahauci. Ruwaida ta yi farfesu, ƙamshi ya kai bakin titi. Ya kai loma ɗaya, ya tauna, ya tauna. Ƙusa ce. Ya haɗiye ta biyu da ƙyar, ya ture kwanon.

Nama ba ya jira, ga babu wuta, sai aka raba wa maƙwabta. Da yamma suka shigo godiya, leɓe na ƙyalli, suka tarar da shi a tabarma yana kallon cikinsu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai duba garke.

Bappa Siddiq, na gidan da ke jikin nasu, ya cire tsinken sakace daga baki.

"To Malam, ranar awo mu nawa za mu bi ka asibitin?"