Ƙullu Ya Riga Ya Tashi

…kuma ƙullu ba ya jira. Ya tashi har yana neman zubowa ta bakin roba. Ko an ci ko an faɗi sai an soya shi, in ya kwana ya yi tsami. To ga ni gaban tanda. Mai, ludayi, juyawa. Mai, ludayi —

'Yata tana ɗaki. Tun da muka dawo daga filin musabaƙa take kwance, fuska a bango, ko hijabin ba ta cire ba. Farin nan da ta wanke da kanta, ta sa bula, ta goge da dutsen gugar maƙwabciyata Laraba. Ba ta kuka. Da kukan take yi da na san abin yi… ko kuwa? Me na sani?

Ta biyu. Izu goma, ɓangaren 'yan mata, duk faɗin ƙaramar hukumar Birnin Gwari, ta zo ta biyu. An ba ta turmin atamfa, ga shi can kan tabarma ko ledar ba a buɗe ba. Ta ɗaya ce kaɗai za ta Kaduna, gasar jiha. Muslimat, 'yar gidan mai kemis. Na je na yi wa uwarta barka. Hannunta sanyi ƙalau. Ta kalle ni, na kalle ta. Ita ma ta san hanyar.

Ƙararrawar nan ta alƙalan gasa. 'Yar mitsitsiya, ko tafin hannu ba ta cika ba. Ni ban ji kuskuren ba, karatuna bai wuce na sallah ba. Malaminsu ya ce ayoyi biyu ne masu kama da juna, ta fara ɗaya ta zame cikin ɗayar. Aka kaɗa. Ta tsaya. Ta haɗiyi yawu, na gani daga inda nake, maƙogwaron nan siriri. Mata suka yi salati a bayana. Ni kuwa ƙirjina… sai na ji kamar an sauke mini tulu daga ka. Haka na ji. Ba ƙari, ba ragi.

Wannan wainar ta yi, a kwashe. Mai ya yi yawa a ramin tsakiya.

Malamin ya tare ni a bakin ƙofa, wai Maman Karima a lallashe ta. A rungume ta, a ce mata ana alfahari da ita, haka ake yi wa yara yanzu, har a rediyo ana faɗa. Na ce to. Me zan ce? Yaro ne, a Zariya ya yi karatu. Ya manta 'yar fari ce? Shekara goma sha uku ban taɓa kiran sunanta ba. Ke. Yarinyar nan. Wai ina take. Haka uwata ta yi wa yayana, bai mutu ba. Lallashi aikin kaka ne. A ƙauyenmu Kakangi in ta faɗi ta goge gwiwa, ɗakin kakarta take gudu, tsohuwa ta hura mata wurin ta cusa mata ƙuli-ƙuli a hannu, ni ina tsakar gida ina daka kamar ban ji ba. An raba aiki. To kakar tana Kakangi, ƙarƙashin ƙasa, mu muka kwaso tabarmi muka gudo gari. Aikinta wa aka bar wa? Ba wanda ya faɗa.

Hayaƙi. Itacen ɗanye ne, yanzu wa ke shiga daji ya zaɓo busasshe…

Haruna. Ƙanena, wanda na goya. Kayan gyaran babur kawai ya tafi saye Kaduna, kuma da rakiya, motoci a jere, ba wai shi kaɗai ba. Mutanen daji suka tare tsakiyar jerin. Ana shuka aka tafi da shi, sai da aka yanke dawa ya dawo. Yana nan. Yana cin abinci, yana sallah. Babur ya wuce ta bayan katanga sai ya miƙe tsaye da lomar a hannu. Namiji ke nan. Ita fa? Da farin hijabinta, a kujerar taga, tana bitar karatu a ranta —

An ce hanya ta yi sauƙi yanzu. An ce. Lokacin Haruna ma an ce.

Kullum da asuba sai ta ce Inna a sa ni a addu'a. In ce Allah ya ba da sa'a. Da baki. In na kai goshi ƙasa kuma wata maganar ce: ya Allah kada ka ɗora ta a kan hanyar nan, ka hana ta ko ta yaya, in ka hana na yi bakance, zan soya waina in raba gida-gida sadaka. Ban ce ta faɗi ba. Na ce ta faɗi? Ban furta ba. Amma wace ƙofa na bar masa ban da wannan?

Jiya na jiƙa shinkafa. Na ce ko ta wane gefe abin ya faɗo, za a soya. Ta shigo ta ga robar, ta tsaya. Wai Inna har kin jiƙa? Ta rufe baki da gefen mayafi tana dariya, ta zura gidan Laraba tana faɗa musu Inna za ta yi mini walima, tun ba a yi ba ta san zan ci. Ban gyara mata ba. Na ci gaba da tsince tsakuwa.

Motsi. Takalminta, mai jan ƙafar hagu. Ta fito. Ta tsuguna gefen murhu, ta ɗauki mafici tana fifita wutar da ba ta bukatar fifita. Idon ya kumbura, ashe ta yi kukan, a ɓoye, kamar yadda na koya mata.

"Inna, ki yi haƙuri. Na sa kin yi asarar shinkafa."

Ludayi na hannuna. Ƙullu na ɗiga a kan dutsen murhu.

"Baɗi zan ci, in Allah ya so. Ki dai ci gaba da yi mini addu'ar nan taki."

Baɗi. Ashe akwai baɗi. Ban lissafa da shi ba… Zan sake kai goshi ƙasa, ita tana bita a bayana, kuma wacce zan roƙa? Wacce?

Sunan yana nan kan harshena. Bai da nauyi, kowa a unguwa yana kiransa. Tana jira, mafici ya tsaya. In na kira shi, sauran maganar za ta biyo baya, na sani, ba zan iya tare ta ba.

Ta tsakiya na ƙonewa. Ina jin ƙaurin. Hannuna ya ƙi ɗagawa.