A Kira Layi na Sha Huɗu

Wayar teburinta ta yi ƙara tun kafin ta ajiye jaka.

"Sha Huɗu? Mun turo bayanan, sun dawo mana."

"Yaya kuka rubuta kwanan wata?"

"Rana, wata, shekara."

"Ku fara da shekara."

Aikinta ke nan yau shekara biyu. Kamfaninsu yana da wata ƙofa da manhajojin wasu kamfanoni ke bi su yi magana da tasu, wanda ya gina ta kuwa bai bar ko shafi ɗaya na bayani ba. Duk kuskuren da mai haɗa manhajarsa da ita ya yi, amsa ɗaya ƙofar ke ba shi: "An samu matsala. A kira layi na sha huɗu." Wanda ya gina ƙofar ya bar aiki, ita ta gaji teburin da wayar, har sunanta na yanka ya ɓace a ofis, kowa Sha Huɗu yake ce mata.

Ranar da ta kai takardar neman hutu, Manaja ko taɓa ta bai yi ba.

"Aikin ido za a yi wa mahaifiyata, yallaɓai. Mako biyu kawai."

"Allah ya ba ta lafiya. To, wa zai ɗauki wayar? Dogo?"

Dogo, abokin aikinta, ya leƙo ta ƙofa. "Ni da ko kiran matata sai na yi shawara nake ɗauka?"

Manaja ya yi dariya. "Ranar da wayar nan ta wuni ba ta yi ƙara ba, ki kawo in sa hannu."

Ita ba ta ɗauke shi wasa ba. Akwai wani littafi a aljihun teburinta, inda take rubuta kowace tambaya da aka taɓa yi mata. Ta buɗe shi, ta fara koya wa ƙofar magana. Inda a da take cewa a kira, yanzu sai ta ce: "Kwanan wata ya fara da shekara, ga misali." Ko kuma: "Mabuɗinka ya daina aiki, ga inda za ka sabunta shi." Tana rubutu, waya na maƙale a kafaɗarta.

Yayarta ta kira ana saura kwana huɗu a yi aikin idon. "Auta, Inna ta ce ke take so ta fara gani in an cire mata bandeji."

"Ki ce mata ina hanya, Yaya."

Ranar Laraba wayar ta wuni shiru. Sau biyu tana ɗaga kan wayar ta ji ko ta lalace. Dogo ya ce wayar ta mutu, a yi wa marigayiya addu'a.

Da yamma ta shiga wurin Manaja, takarda a hannu. Ya miƙe tsaye, abin da bai taɓa yi mata ba.

"Kin fitar da mu kunya. Wani kamfani ya haɗa manhajarsa da tamu cikin awa biyu, bai nemi kowa ba." Ya karɓi takardar, ya ajiye ta a tebur, ya ɗora wayarsa a kai. "Shi ya sa na tuna da tsofaffin ƙofofinmu guda tara. Masu amfani da su ba su da wanda za su tambaya. Na sa Dogo ya saka musu layinki ɗazu, kafin ki gyara su. Kina gamawa sai hutu."

Ta dubi biron da ke aljihun rigarsa.

Can bayanta, ta cikin ƙofar da ta bari a buɗe, wayar ta fara ƙara.