Takalman Baƙo

A garinmu, kusa da Dogarawa, idan ana lissafin jarumai ba a taɓa kawowa kaina ba, ni ma ban taɓa kai ƙara ba. Ni ne Chindo mai lambun albasa, wanda bunsuru ya taɓa kora har cikin masallaci. Amma a kakar 1964, ranar da gari ya nemi wanda zai tunkari mutum mai bindiga, ni aka samu. Ba don zuciya ba. Don Baƙo taubashina ne.

Uwarsa, Goggo Tsahara, ƙanwar ubana ce. Tun muna yara, abin da na gani a jikinsa na ɗauke, abin da ya gani a jikina ya ɗauke, ba fushi, ba kai ƙara wurin manya. Haka al'ada ta ba mu. Ranar aurena ya fizge mini hula, na shiga gaida surukai da kai tsirara. Bai taɓa kirana da sunana ba, sai dai matsoraci.

Sai ya ɓace. Aka ce ya tsallake iyaka, ya bi wasu mutane masu cewa ƙasa ba za ta gyaru ba sai da bakin bindiga. Shekaru suka shuɗe babu labarinsa. A kakar nan suka dawo kashi-kashi. A wani gari kudu da mu suka ƙone buro, wato ofishin gwamnati, suka harbe malamin asibiti da ya leƙo ya ga abin da ke faruwa. Ƙauyuka suka tashi farautarsu. Wanda samari suka kama da kulake, ba kullum yake isa hannun hukuma da rai ba.

Ina ba irin albasa ruwa da hantsi, sai ga Goggo.

"Chindo, shina cikin rumbun tsohuwar gona."

"Wa?"

"Abokin wasanka. Da bindiga. Mata masu itace sun ga sawu, kahin la'asar samari sun ji."

"Goggo, ni fa ko kaza sai na kai wa maƙwabci shi yanka."

"Na sani. Kowa yat tahi, harbi nai za shi yi. Kai ko, kunya ba ta barin shi."

Na fara biyawa wurin Maigari Munkaila, ina fatan ya hana ni. Bai hana ba. Ya aika mai keke wurin 'yan sandan jandarma, sannan ya sa aka kaɗa gangar gayya, wai samari su zo su kwashe masa gero, don hannuwansu su samu aikin yi.

"In ya hito da ƙahwa tai, doka ta amshe shi," in ji maigari. "In samari sunka hiddo shi, sai dai mu nemi likkafani. Tahi."

Gonar ta shekara biyu ba a nome ta ba, ƙarangiya ta cinye ta. Rumbun yana tsaye a kan duwatsunsa. A ƙarƙashinsa na ga takalma na fata masu igiya, irin na soja, an jingine su su sha iska. Hannuna ya riga hankalina. Na ɗauke su, na rataya a wuya.

"Wa ke nan?" Murya ta fito daga cikin rumbu, ta dushe. "Kak ka matso!"

"Ɓarawo na."

Bakin bindiga ya leƙo ta ƙarƙashin jinka. Na tarar da kaina a zaune.

"Matsoraci? Kai ne? Aje mani takalma."

"Ina hulata?"

"Chindo, ba wasa nike ba."

"To harba. Sai a ce Baƙo ya tahi ƙasashe, abin da yak koyo harbin taubashi."

Bindigar ta koma ciki. Sai ya fara wa'azi. Haraji, talaka, masu cin gumin manoma, sabuwar ƙasa da za a gina. Ya iya magana, a can an koya masa ita da kyau. Na bar shi ya gaji, don ni ma numfashina bai dawo ba.

"Haraji dai ya ci jakina bara," na ce. "Wannan ban musa maka ba. Amma malamin asibiti, shi ka aza haraji? Shi ya yi wa Goggo allura lokacin da ƙahwa tata ta kumbura. Ya bar ɗiya ƙanana."

"Ba ni na harba ba."

"Taho ka gaya wa alƙali."

Daga nesa gangar gayya tana ta bugawa.

"Ina wurin," ya ce a hankali.

"Wannan ma ka gaya mai."

"Alƙalinsu?"

"Ba ni da wani a aljihu. Na samari kulki ne, shi kuma ba shi tambaya. Ka ji gangar can? Geron maigari ba shi da yawa, Baƙo."

"Jandarma kashe ni za su yi bisa hanya, su ce na gudu."

Ni ma na ji ana yin haka. Na ce ya jira, na koma gari da takalmansa a wuya. Na tarar shef, wato shugaban jandarma, ya iso, wani dogon Bazabarme mai Hausa tsinta-tsinta. Ban san inda na samo bakin ba, na ce masa mutumin zai fito, amma da rana tsaka, ta cikin kasuwa, kowa ya gan shi da ransa, kuma maigari ya raka shi har Konni. Shef ya dube ni, ya dubi takalman. Ya ce ya yarda.

Da na koma na faɗa wa Baƙo, sai na ji motsi. Bindiga ta faɗo cikin ciyawa. Na ja da baya, don ban san ta inda take tashi ba. Sannan ya sauko. Ya rame, ƙafafunsa sun kumbura sun tsattsage.

"Ba don maganarka ba," ya ce. "Don ƙarangiya. Wa ka gudu cikin wagga gona ba takalmi?"

Na cire nawa na tayar mota na ba shi. Nasa sun yi mini yawa, saboda haka jarumin ranar ya shigo gari ba takalmi, yana tsalle yana cire ƙaya.

A kasuwa mutane suka dare. Samari sun baro gayya da sandunansu. Wani Ado ya jefo dutse. Shef ya sha gaban Baƙo, ya ɗaga murya ya faɗi sunan Baƙo da sunan ubansa, ya ce daga yanzu mutumin nan yana hannun doka, wanda ya taɓa shi zai bi shi cikin mota. Ba wanda ya ƙara jifa. Goggo tana tsaye wajen masu daddawa, ba ta yi kuka ba sai da ta koma gida.

A bakin mota Baƙo ya juyo.

"Takalmana."

"In ka dawo."

Aka yi masa shari'a a Yamai. Ya faɗi abin da ya gani, aka ɗaure shi can arewa mai nisa. Abokan tafiyarsa da suka zaɓi gudu a makon nan, har yau iyayensu ba su san inda aka rufe su ba.

Goggo ta rasu a shekarar babban fari. Ni kuma na yi furfura, yara suna ce mini Malam Chindo, suna durƙusawa. Babu wanda ke zagina. Ban san mutum zai iya jin yunwar zagi ba sai da na ji ta. Duk kaka nakan sauko da takalman in shafa musu man shanu. Zuwaira, matata, ta ce da ita nake shafa wa man nan da ta koma budurwa.

Bayan soja sun karɓi mulki aka ce ana sakin fursunoni. Na koma zama bakin titi, inda motocin siminti na Malbaza ke tsayawa shan ruwa. Wata rana wani direba, Mati, ya sauko yana tambayar mai lambun albasa.

"Na gamu da wani ramamme a tashar Agadas, shina gadi, wai sai ya yi ƙarhi shi taho. Ya ba ni saƙo, amma ka gahwarce ni, dattijo."

"Faɗi yadda yab ba ka."

"Wai in gaya wa matsoracin Dogarawa takalman taya nai sun tsinke tun shekarar hwarko, kayan banza kamar mai su. Shi aje mai nashi."

Na yi dariya har direban ya tsorata, ya miƙo mini ruwa.

Damina ta wuce, bai iso ba tukuna. Na sa an ɗinka mini sabuwar hula. Idan zan zauna bakin titi ba na danna ta sosai, a saman kai nake ɗora ta, yadda mai zuwa ta baya zai fizge ba wahala.